Zazzaɓi a Bakin Gada

Sau goma sha ɗaya cikin mako guda
ina kaiwa bakin gadar nan ta cikin wasa,
takobi a hannu, saura taku bakwai,
sai allo ya daskare,
sauti ya maƙale kan harafi ɗaya kamar mai in'ina,
sannan baƙi ƙirin.
Ga fuskata a gilashi, baki sake.

A waje dusar ƙanƙara na rufe Gdańsk,
taragon ƙarfe goma ya wuce ƙarƙashin tagarmu yana kuka.
Na ce yau ko ni ko ita.

Da na nesa na fara zargi.
Na zagi maƙeran wasan har kakanninsu.
Na sabunta manhajar katin hoto,
na goge wasan kaf, na sake saukewa,
awa huɗu ina kallon layi yana rarrafe.
Gada. Taku bakwai. Ɗif.

Na rage inuwa, na rage hazo,
na rage kyan kogi har ruwan ya koma kwali.
Ɗif.
Na buɗe takardar da na'ura ke rubuta laifinta,
lambobi cunkus kamar tururuwa,
ƙarshen zance wai “an samu kuskure”,
sai ka ce ban sani ba.
Ziemowit, ɗan ajinmu, ya rantse ƙwaƙwalwa ce:
sanda biyu gare ta, cire ɗaya, gwada ɗaya.
Na cire, na gwada, na musanya.
Lafiyarsu ƙalau.
Hasashen Ziemowit ne mai ciwo.

Sai ga kakana Zdzisław da kofin shayi,
silifa a ƙafa ɗaya, ɗayan ya ɓace tun jiya.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin injin jiragen ruwa,
bai san sunan maɓalli ko guda ba.
Ko kallon allon bai yi ba.
Ya ɗora tafin hannu kan akwatin,
ya karkato kunnen da ke ji,
ya ce, “Dobrawa, ba hauka take yi ba.
Zazzaɓi ne. Ji yadda take haki.”

Na duba ma'aunin zafi, na koma wasa.
A daji saba'in. A kasuwa tamanin.
A gada, inda wuta da ruwan sama da mayaƙa ɗari ke gamuwa,
casa'in da shida.
Ashe suma take yi don kar ta mutu.

Noti huɗu ya kwance,
ya jera su a murfin kwalbar zuma.
Muka ɗaga gefen akwati.
Ɓarawon na cikin gida ne:
gashin Kluska, kyanwarmu,
ya dunƙule a bakin fanka kamar tsohon bargo.
Shekara uku tana kwana kan ɗumin nan
muna cewa tana son kimiyya.
Man da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe kuwa ya bushe,
ya tsattsage kamar faso.

Buroshin fenti, iskar gwangwani,
atishawa uku daga kaka.
Sabon mai, ɗigo ɗaya, girman ƙwayar wake.
“Kar ki cika,” in ji shi,
“inji ba burodi ba ne.”

Muka kunna. Sittin da takwas.
Taku bakwai, shida, na riƙe numfashi,
uku, biyu,
na haye.

Bayan gadar babu dodo, babu taska.
Wani ɗan ƙauye ne da rijiya
da tsohuwa mai sayar da albasa.
Mako guda na sha wuya saboda albasa!

Na juyo in gaya masa,
na tarar ya jawo kujera, ya sa tabarau,
yatsansa na shawagi kan maɓallai:
“Wanne ne na tafiya gaba?”

Kluska ta haye akwatin,
ta ji babu ɗumi,
ta harare mu ɗaya bayan ɗaya,
ta sauka.